Amsoshin Tambayoyinku: Harshen Tat da Haruffan da Aka Yi Ta Sauya Masa

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba Malam. Ni ɗalibi ne, ina karatun likita a Baku, babban birnin Azarbaijan. Mai gidan da nake haya yana zaune da mahaifiyarsa, kuma idan tana waya da ƙanwarta ba Azarbaijanci take yi ba, ba kuma Rashanci ba. Na tambaya aka ce mini Tat ne, yaren ƙauyensu a yankin Ƙuba. Jikokinta suna ji, amma da Azarbaijanci suke mayar mata. Na roƙe ta ta rubuta mini gaisuwar safe, ta rubuta da haruffan Rasha, ɗanta ya karɓa ya sake rubutawa da na boko, sannan su biyun suka ce ai yaren ba a rubuta shi. Shin karin harshe ne na Azarbaijanci? Kuma da gaske ba shi da rubutu?
Daga wani ɗalibi ɗan Katsina, a Baku

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya ba da sa'ar karatu. Tat ba karin Azarbaijanci ba ne. Azarbaijanci daga gidan harsunan Turkawa ya fito, ɗan'uwan Turkancin Istambul ne. Tat kuwa daga gidan harsunan Iran yake, kuma a cikin gidan babu wanda ya fi kusa da shi irin Farisanci. Zaman tare na ɗaruruwan shekaru ya sa ya kwashi kalmomi da lafazin maƙwabtansa, shi ya sa kunnen baƙo zai iya ɗauka abu ɗaya ne. In kana son ka tabbatar da kanka, ka ce wa tsohuwar ta ƙirga maka daga ɗaya zuwa biyar. Za ka ji wani abu kusa da yak, du, sa, car, panj, irin ƙirgen Farisa. Jikokinta kuwa bir, iki, uc, dord, besh za su ce.

Yadda masu harshen Farisa suka tsinci kansu a gindin duwatsun Kaukasus labari ne na tsaron iyaka. Tsakanin duwatsun da Tekun Kasbiyan akwai wani matsattsen wuri mai faɗin kusan kilomita 3, kuma ta nan mahara daga arewa suke kwararowa. Sarakunan Farisa na daular Sasan suka toshe wurin da ganuwar dutse a ƙarni na 6. Sunan da aka fi haɗawa da wannan aiki shi ne Kisra Anushirwan, wanda ya yi mulki daga 531 zuwa 579, wato sarkin da aka haifi Manzon Allah (SAW) a zamaninsa. Garin shi ne Darband, wanda Larabawa suka kira Babul Abwab, a yau yana cikin Dagestan ta ƙasar Rasha. Ganuwa ba ta tsare kanta, don haka aka kwaso sojoji da iyalansu daga cikin Farisa aka zaunar da su a kan hanyar. Galibin masana daga nan suke ɗauko asalin mutanen Tat, tare da waɗanda suka ci gaba da zuwa bayan shigowar Musulunci, a zamanin sarakunan Shirwan, wata tsohuwar masarauta a ƙasar da ake kira Azarbaijan a yau.

Nisa da gida ya sa harshen ya kama tasa hanyar. Inda Bafarishe ke da "d" a tsakiya ko ƙarshen kalma, sau da yawa mai jin Tat "r" yake yi, kuma ya riƙe tsohuwar "v" ta farkon kalma wadda Farisanci ya mayar "b". Iska a Farisanci bad ce, a Tat var. Mutumin Tehran zai tsinci kalmomi da yawa a bakin tsohuwar gidanku, amma da wuya ya bi hirarta da ƙanwarta daga farko zuwa ƙarshe.

Masu wannan harshe kashi uku ne, kuma addini ne ya raba su. Akwai Musulmi, su ne mafi yawa a Azarbaijan: 'yan Shi'a a ƙauyukan kewayen Baku irin su Balakhani da Surakhani da kuma garin Lahij na maƙeran jan ƙarfe, 'yan Sunna kuma galibi a duwatsun arewa, wajen Ƙuba (ta Azarbaijan, ba ta Madina ba). Akwai Yahudawan duwatsu, waɗanda zan yi maganarsu a amsa ta gaba. Sannan akwai wasu Kiristoci 'yan cocin Armeniya a ƙauyukan Madrasa da Kilvar, waɗanda suka bar ƙasar a ƙarshen shekarun 1980 lokacin da rikicin Karabakh ya ɓarke, karin harshensu kuma ya kusa ƙarewa da tafiyarsu. Sunan Tat ma ba su suka raɗa wa kansu ba. Turkawa ne tun da can suke kiran mazauna masu jin Farisanci da shi. Mutanen Balakhani da Surakhani Parsi suke ce wa harshensu, na Lahij kuma da sunan garinsu suke kiran kansu.

Yanzu ga maganar rubutu. Tsohuwar gaskiya ta faɗa maka, amma kada ka ɗauka kakanninta ba su san alƙalami ba. Sun karanta Alƙur'ani da Larabci, sun rubuta wasiƙa da waƙa da takardar ciniki da Farisanci. Ƙasar Shirwan ce ta haifi Khaƙani, ɗaya daga manyan mawaƙan Farisanci na ƙarni na 12. Maƙeran Lahij suna zana sunayensu a jikin tasoshi da butoci da haruffan Larabci. A 1841 wani malami ɗan kewayen Baku, Abbasƙuli Bakikhanov, ya rubuta tarihin yankin, ya ce duk ƙauyukan Baku Tat suke yi in ban da guda 6 na Turkawa. Shi kansa littafin da Farisanci ya rubuta shi. Kusancin Tat da Farisanci shi ya hana shi samun nasa rubutun, domin duk wanda ya yi karatu gani yake yi Tat Farisancin ƙauye ne kawai, in za a ɗauki alƙalami sai a rubuta na littafi. Mun san irin wannan a tarihinmu, lokacin da ake hira da Hausa ko Fillanci ko Barbarci a fada amma wasiƙar sarki da Larabci take fita. Bambancin shi ne malamanmu sun zauna sun yi wa harsunan nan ajami saboda wa'azi, Musulmin Tat kuwa ba su ga buƙatar hakan ba.

Da Tarayyar Sobiyet ta zo, Farisanci ya fita daga makaranta, Azarbaijanci da Rashanci suka maye gurbinsa. Yaron Tat Musulmi ya shiga aji da harshen maƙwabci, kuma da ya girma aka zo cika masa takardar shaida, sau da yawa Ba'azarbaije aka rubuta. Addini ɗaya ne, ana auratayya, ga kuma rijiyoyin man fetur da suka cika Balakhani da Surakhani da baƙi tun shekarun 1870. Ka dubi ƙidaya: a 1897 an sami masu jin Tat kusan 95,000 a daular Rasha. A 1926 waɗanda suka amsa sunan Tat kusan 28,000 ne, a 1989 kuma kusan 10,000 a Azarbaijan. A 2009 adadin ya koma 25,200. Ba mutuwa ce ta rage su ba, ba kuma haihuwa ce ta ƙara su ba. Abin da mutum yake yarda ya faɗa wa malamin ƙidaya ne yake sauyawa da zamani.

Bayan samun 'yancin Azarbaijan a 1991 an shirya littattafan koyon karatu na Tat da haruffan bokon ƙasar. Masana ma sun yi aiki: Aleksandr Gryunberg ya fitar da nazarin karin arewa a 1963, Murad Suleymanov ya fitar da nahawun karin Shirwan a 2020. Amma littafin nahawu na masu bincike ne. Hukumar UNESCO ta sa Tat cikin harsunan da ke cikin haɗari mai tsanani, kuma alamar da ake dubawa ita ce wadda ka gani da idonka, kaka tana magana, jika yana mayarwa da wani harshe. Abin da ya sa uwa ta rubuta maka da haruffan Rasha ɗa ya rubuta da boko kuwa, kowa da abin da ya tarar a makaranta ya yi amfani. Ita ta yi karatu zamanin Sobiyet, shi bayan 1991. In ta yarda, ka ɗauki muryarta a wayarka tana tatsuniya ko waƙar reno, ka ba jikokin. Ni a ganina wannan ya fi a tsaya jiran ranar da za a daidaita rubutu.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyar da Hausa a makarantar sakandare. Ɗalibaina suna yawan tambayata me ya sa muka bar ajami muka kama boko, wasu har suna cewa gwamnati ta yi doka a koma ajami gaba ɗaya. Akwai wata al'umma da aka sauya wa haruffa fiye da sau ɗaya? Me ya same su?
Daga wata malamar makaranta, a Damagaram

Amsa: Malama, barka kadai. Wasiƙarki ta daɗe a hannuna, na ajiye ta ne har na sami misalin da ya dace, sai ga tambayar ɗalibin Baku ta kawo shi. Yahudawan duwatsun Kaukasus suna magana da wani reshe na Tat da suke kira Juhuri, kuma a cikin ƙarni ɗaya an rubuta shi da haruffa iri uku, in aka ƙirga bokon farko da na yanzu daban kuma sun zama huɗu.

Da farko da haruffan Ibrananci suke rubutu, daga dama zuwa hagu, irin waɗanda yara ke koya wurin malaman addininsu don karatun Attaura. Matsayinsa a wurinsu daidai yake da matsayin ajami a wurinmu: haruffan ibada ne aka ara aka rubuta harshen gida. Da su aka buga littattafan Juhuri na farko a birnin Vilna a 1908 da 1909, ɗaya daga ciki littafin addu'o'i ne da Asaf Pinkhasov ya fassara. Da su kuma jaridar Zahmatkash, wato Ma'aikaci, ta fara fitowa a Makhachkala, babban birnin Dagestan, a 1928. Haruffan sun dace da harshen ta wani gefe, domin Juhuri yana da sautukan maƙogwaro irin "ain" da "ha" mai ƙarfi ta Larabci, har a kalmomin da asalinsu na Farisa ne, kuma Ibrananci yana da baƙaƙensu. Ta gefen wasula ne ake shan wuya, matsalar da duk mai rubuta ajami ya sani.

A 1926 aka yi babban taro a Baku kan harsunan Turkawa, aka tsayar da shawarar komawa haruffan Latin, wato boko. Hukumomin Sobiyet sun ce boko ya fi sauƙin koyarwa da bugawa, kuma akwai gaskiya a ciki, mutane da yawa sun koyi karatu a shekarun nan. Amma akwai wata manufar, ita ce a raba yara da littattafan addini, na Musulmi da na Yahudawa. A 1929 aka mayar da Juhuri kan boko. Aka buga littattafan makaranta, aka rubuta nahawu, aka ɗauki karin Darband a matsayin daidaitacce, aka fara wasan kwaikwayo da waƙoƙi. Abin bai kai shekara 10 ba. A 1938, zamanin Stalin, umarni ya zo daga sama cewa a koma haruffan Rasha, waɗanda ake kira Sirilik. Duk abin da aka buga da boko ya zama tsohon yayi a dare ɗaya.

Ki duba abin da wannan ke nufi a cikin gida ɗaya. Kakan da aka haifa a 1900 da haruffan Ibrananci yake karatu. Ɗansa da ya shiga makaranta a 1930 da boko. Ƙanen ɗan, wanda ya shiga a 1940, da Sirilik. Harshe ɗaya suke yi a kan tabarma ɗaya, amma babu mai iya karanta wasiƙar wani. Kamar a sauya wa ɗaki kwaɗo ne alhali kayan mutum na ciki, a kuma hana shi makulli. Wannan shi ne abin da ya fi taɓa ni a labarin, domin ƙaramar al'umma ba ta da kuɗin da za ta sake buga tsofaffin littattafanta duk lokacin da aka sauya haruffa. Abin da ba a sake bugawa ba ya tafi ke nan, ko da takardar tana nan a akwati.

Sirilik ɗin ma bai zo iri ɗaya ba. A Dagestan an bi salon sauran harsunan jihar, ana haɗa haruffa biyu don sautin da Rashanci ba shi da shi, misali Гъ da Гь da ГI da Хь da Уь. Waɗanda ke Azarbaijan kuwa haruffan Azarbaijanci suka saba da su, shi ma kuma ya sha nasa sauyin: daga Larabci zuwa boko a 1929, zuwa Sirilik a 1939, ya sake komawa boko da dokar 1991, aka kammala sauyin a 2001. Don haka a yau Bayahuden Darband yana rubuta Juhuri da Sirilik, na Ƙirmizi Ƙasaba, garin da ke tsallaken kogi daga Ƙuba, yana rubutawa da bokon Azarbaijan. Mafi yawan al'ummar sun yi ƙaura a shekarun 1970 da 1990 zuwa Isra'ila da Mosko da Amurka, wasu a can suna sake gwada haruffan Ibrananci, jikokinsu kuwa Ibranancin zamani da Rashanci da Ingilishi suke ji.

Akwai wani abin da ya kamata ki sani don kada littattafai su ruɗe ki. In kin ga an ce Tat yana cikin harsuna 14 na hukuma a Dagestan, Juhuri ake nufi, ba harshen Musulmin Tat ba. Hukumomin Sobiyet sun ƙarfafa wa Yahudawan duwatsu su rubuta kansu Tat, kuma da yawa sun yarda saboda sunan yana sauƙaƙa musu rayuwa. Ya taɓa ceton rayuka ma. Da sojojin Jamus suka mamaye garin Nalcik na arewacin Kaukasus a ƙarshen 1942, Yahudawan duwatsun da ke garin sun dage cewa su mutanen duwatsu ne irin maƙwabtansu, Jamusawa suka tsaya bincike har aka kore su a farkon 1943. 'Yan'uwansu na ƙauyukan Bogdanovka da Menzhinskoye ba su sami wannan jinkirin ba, an kashe su a wannan shekara ta 1942. Jaridar da ta gaji Zahmatkash tana nan da sunan Vatan, ana buga ta da Juhuri da Rashanci.

To, me za ki faɗa wa ɗalibanki? Ki nuna musu inda labarinmu ya bambanta. Turawa sun kawo boko, Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya tsara ƙa'idojinsa na farko, aka ƙara ɓ da ɗ da ƙ a shekarun 1930, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. Boko ya karɓi ofis da makarantar gwamnati, amma ba a kulle makarantar allo ba, ba a kama mutum don an ga takardar ajami a hannunsa ba. Mahaifina har ya rasu da ajami yake rubuta bashin da yake bin mutane, kuma ina iya karanta littafin nan a yau saboda an kai ni allo kafin a kai ni firamare. Ban goyi bayan dokar da za ta ce a bar boko a koma ajami ba, domin za ta yi wa littattafan Hausa na shekara 90 da suka wuce abin da 1938 ta yi wa Juhuri. Ban kuma yarda a bar ajami ya mutu ba, domin waƙoƙin Nana Asma'u da na malaman da suka biyo bayanta da shi aka rubuta su. Abin da nake so shi ne malamin Hausa ya ware wasu darussa a zango ya koyar da karatun ajami, tunda yawancin yaran sun riga sun san baƙaƙen daga Islamiyya. Ke kuma da kike Damagaram kina da wani darasi a hannu: ku kuna rubuta ƴ, mu a Nijeriya muna rubuta 'y. Harafi ɗaya ne tak, amma ki nuna wa yara dukansu biyu, don kada littafin Kano ya zama musu baƙo.

Tambaya: Malam, na yi karatu a Iran, kuma a garin Takestan na ji mutane suna wani yare da suke kira Tati. Shi ne Tat ɗin Kaukasus?
Daga wani mai karatu, a Zariya

Amsa: A'a, Malam, suna ne ya zo ɗaya, saboda Turkawa sun kira al'ummomi daban-daban da shi. Dukansu biyu daga gidan harsunan Iran suke, amma ɗakunansu daban. Tat na Kaukasus yana reshen kudu maso yamma tare da Farisanci. Tati da ka ji a Takestan ta lardin Ƙazwin, wanda kuma ake yi a wajen Khalkhal ta lardin Ardabil da wasu ƙauyukan Zanjan, yana reshen arewa maso yamma, kuma ɗan'uwansa na kusa shi ne harshen Talish. Masana suna ganinsa a matsayin ragowar harshen da ake yi a arewa maso yammacin Iran kafin Turkanci ya mamaye yankin. Wasu daga karorinsa har suna bambanta namiji da mace a nahawu, abin da Farisanci da Tat na Kaukasus ba sa yi. Mutumin Takestan da mutumin Lahij ba za su fahimci juna da harsunan gidajensu ba. Idan 'yan Takestan za su rubuta nasu, da haruffan Farisanci suke rubutawa, su ba su taɓa shiga sauye-sauyen boko da Sirilik ba.